Sai Bayan Biki

Idan bazara ta kama, zafin ba ya damun mutanen gidan Manaja kamar yadda kayan da za su saka a cikin zafin suke damun su. Gida ne na masu shiga taro. Yau liyafar ofis, jibi bikin 'yar ƙawar Madam, gata wani ya gama gini ya tara jama'a. Madam kuwa, matar Manaja, tana da doka guda da ba ta karyawa: rigar da aka gani a jikinta a wani taro ba ta zuwa taro na biyu. Ita ta kafa dokar, amma a wuyan Goggo nauyinta yake sauka.

Goggo yayar Manaja ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tela ce tun yana yawo da gajeren wando. Da mijinta ya rasu, ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke bayan kicin, mai taga ɗaya, ta kafa kekenta a gindin tagar. Dangi suka yi ta sa masa albarka, ana cewa ga mai riƙon zumunci. Babu wanda ya kula cewa tun daga shekarar gidan bai sake kai ɗinki waje ba.

Hannunta kuma ba na wasa ba ne. Kayan zafi sun fi na sanyi wuya, duk tela ya sani, domin yadin ba shi da nauyin da zai rufa wa kuskure asiri. Goggo ta san Madam mai zufar baya ce, saboda haka ba ta sa mata shafi sai a gaba, shi ma na auduga mai laushi. Ta san inda za ta saki hammata iska ta shiga, da inda za ta kama ƙugu kada rigar ta zama buhu. In ta gama ɗinkin aikin bai ƙare ba. Sai an kwaso takalma da jakunkuna da mayafai an zube mata a kan gado, ta ɗaga wannan ta kara da wancan a hasken taga, ta ce, "Ruwan zuma ba ya shiri da wannan jakar, ɗauko mai ruwan madara." Madam ta fita a haɗe, ƙawaye su yi ta tambaya, ita kuma ta yi murmushi ta ce ai sa kaya baiwa ce.

A farkon bazarar nan Goggo ta fara bugun ƙyauren ɗakinta da kafaɗa. Abin da ke gabanta tana ganinsa, na gefe ne yake ɓacewa. In ta kalli ƙwan fitila sai ta ga zobe-zobe sun kewaye shi, kanta kuma ya riƙa sara ta saman gira. Ta yafa mayafinta ta je asibitin ido ita kaɗai, ta dawo da 'yar kwalbar maganin ɗigawa da magana mai nauyi. Ta jira har Manaja da Madam suka zauna cin abincin rana, sannan ta tsaya daga bakin ƙofar falo.

"Na je an duba mini idon nan," ta ce. "Likita ya ce ruwan cikinsa ne yake hawa yana danne jijiyar gani. Aiki za a yi, kuma ya ce kada a ɗau lokaci. Wai abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ake ceto."

"Subhanallahi," in ji Manaja. "To a yi mana, Yaya. Ido ai ba abin wasa ba ne."

"Ya ce in zo da wanda zai zauna da ni. Bayan aikin kuma ba keke, ba sunkuyo, har sai ya ba da izini. Zai iya kai wata ɗaya ko biyu."

A nan Madam ta ajiye cokalinta.

"Likitocin nan da iya tsorata mutum," ta ce. "Haka suka ce da ƙanwar mamana, ga ta nan har yau tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni dai ba na hana ba ne, Yaya, Allah ya sani. Amma liyafar ƙarin girman ƙanenki ce a gabanmu. Na riga na sayo yadi na mutum huɗu. Wane tela zan kai wa yanzu, ana fafe gora ranar tafiya?"

Manaja ya dubi matarsa, ya dubi farantinsa. "Ai an ba ki magani ko? Ki riƙa ɗigawa. Da an gama liyafar nan, ni da kaina zan kai ki."

Goggo ta ce to. Me za ta ce? Ƙanenta ne aka ɗaukaka, yaron da ta ɗinka wa rigar makarantarsa ta farko, kuma a gidansa take ci take sha. Ta koma ɗaki ta shimfiɗa yadin, boyil ruwan toka mai ƙananan furanni, ta fara yanka.

Abin da ya fara gagarar ta shi ne zura zare. Kafar allura ta zama wani abu da take jin labarinsa. Sai ta koma ga dabarar tsofaffin teloli: ba ta bari zare ya ƙare a keken, in zai ƙare sai ta ƙulla bakin sabo da wutsiyar tsohon, ta ja a hankali har ƙullin ya ratsa. Siririyar allura ba ta barin ƙulli ya wuce, dole ta sa mai kauri. Mai kaurin kuma tana barin 'yan huji a jikin boyil, waɗanda sai mai neman laifi zai gani. Madam ta gani.

"Yaya, hannun naki ya fara nauyi. Dubi nan, kamar da ƙusa aka ɗinka."

"Allurar ce na canja, idon ba ya..."

"A dai riƙa kulawa. Yadin nan ba na ko'ina ba ne."

Aka yi liyafa aka tashi lafiya. Madam ta dawo tana ba da labarin yadda matar shugaban ofis ta kama hannun rigarta tana shafawa. Goggo ta bari aka kwana biyu, don kada a ce ta yi gaggawa, sannan ta tare Manaja yana ɗaura takalmi zai fita.

"Autan Inna," ta ce, domin ita kaɗai ta rage a duniya da ke kiransa haka, "maganar asibitin nan fa. Maganin ma ya ƙare."

"Ina sane, Yaya, wallahi ina sane. Sabuwar kujerar nan ce ba ta barin mutum ya yi numfashi. Yanzu in na ce zan ɗau hutu, sai a ce daga ba shi girma ya fara. Ki ba ni kwalbar in taho miki da wani."

Ta ba shi kwalbar. Kwalbar ta kwana a aljihun motarsa har ta manta hanyar gida. In ta tuna masa sai ya dafe goshi ya ce gobe, kuma ba ƙarya yake yi ba a lokacin da yake faɗa. Manaja ba mugu ba ne. Mutum ne dai wanda in abu bai yi ihu ba, ba ya jin sa, ciwon Goggo kuma ba ya ihu.

Kafin goben ta zo, Auta, ƙaramar 'yar gidan, ta gama makaranta, za a yi bikin yaye su a fili da tsakar rana. Bayan shi ga auren 'yar aminiyar Madam. Yadudduka suka sake taruwa a kan gadon Goggo har ta rasa inda za ta miƙe ƙafa. Madam ta ce wannan karon ai ba wani aiki ba ne, riguna ne sakakku, Yaya tana rufe ido ma za ta ɗinka su. Ta faɗa tana dariya, Goggo ma ta taya ta, don ba ta san abin da za ta yi da fuskarta ba.

Zafi ya kai inda ya kai. Ɗakin bayan kicin yana shan rana ta taga, yana shan turirin girki ta bango, fankar kuma sai juya iska mai ɗumi take yi. Goggo tana kifa fuskarta dab da allura har numfashinta yana motsa yadin. Duniyar ta tsuke mata, ta koma kamar mai leƙe ta ramin mabuɗi. In ta ajiye almakashi a gefe, sai ta yi ta shafa tebur kafin ta same shi. Ta zubar da kofin shayi a kan mayafin Auta, ta wanke shi a ɓoye, ta shanya a bayan ƙyaure. Tsoro ya shige ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka fita da gawar mijinta. Tana so ta yi kuka, amma kuka yana ƙara mata ciwon kai, ga kuma kalmasa tana jira.

Wata safiya ta ce naka sai naka, amma ido nata ne. Ta yafa mayafi ta fita ba ta gaya wa kowa ba, da niyyar ta roƙi likita ya yi mata aikin ko ba ɗan rakiya. Ta bi jikin katanga har bakin titi. Ta duba gabanta, ta ga hanya fayau, ta jefa ƙafa. Ba ta ga babur ɗin ba, iskarsa kawai ta ji da ƙarar birki, sai ga ta zaune a ƙasa takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

"Mama, ba kya gani ne?" in ji mai babur ɗin.

"Ba na gani, ɗana," ta ce. Shi ne mutum na farko da ya yi mata tambayar.

Wata mai shago ta kama hannunta ta mayar da ita gida. Madam ta karɓe ta da salati, ta kawo ruwa, ta shafa mata man zafi a gwiwa, sannan ta ce, "Yanzu da wani abu ya same ki, me za mu ce wa mutane? A ce muna gidan kika fita ke kaɗai? Don Allah, Yaya, kada ki ja mana magana. An ce za a kai ki, za a kai ki."

A satin ne aka matso da auren Mami, babbar 'yar gidan. Angon aiki ya kira shi wani gari, iyayensa suka ce a yi kafin damina ta sauka. Gidan ya kacame. Goggo tana jin lissafin riguna daga falo: ta amarya ta wuni, ta amarya ta liyafar lambu, ta uwar amarya, ta Auta, da babbar riga mara nauyi ta uban amarya. Ba ta ji an ambaci asibiti ba, ba ta kuma ji an ambaci abin da ita za ta saka ba.

Mami da kanta ta shigo ɗakin da yamma, rungume da farin leshi mai laushi. Yarinya ce mai kirki, a cinyar Goggo ta yi wayo, ita ce kuma kaɗai takan zauna a bakin gadon ta yi hira ba don tana son a rage mata wuyan riga ba. Goggo ta shafa leshin, ta ji yadda yake zamewa a hannu.

"'Yata, ki kai wannan wajen wani tela. Idona ba zai iya ba."

"Haba Goggo. Tun ina ƙarama kike cewa ke za ki ɗinka mini rigar aurena."

"Na faɗa. A lokacin ina gani."

Mami ta fashe da kuka, ta kwantar da kai a kafaɗarta. "Ni ba wanda zai taɓa rigata sai ke. In ba ke ba, gara in sa tsohuwa. Daga wannan shi ke nan, Goggo, na rantse. Bayan biki ni da kaina zan zauna da ke a asibitin, ko Baba bai samu lokaci ba."

Da Madam ce ta zo da faɗa, wataƙila da Goggo ta iya cewa a'a. Hawayen Mami ne ba ta da maganinsu. Ta goge wa yarinyar fuska da bakin mayafinta, ta ce ta miƙe a gwada ta. Lambobin tef ɗin awo sun daɗe da gudu daga idonta, saboda haka da taƙi da yatsu ta auna ta, tana ƙulla zare a kowane awo.

Rigunan amarya ta fara yi, tun da sauran haske a idon dama. Ta zuba musu duk abin da ta sani. Inda keke zai yi ɓarna ta bi da hannu, tana jin tazarar kowane ɗinki da bakin farce. Ta yi ta Auta, ta yi ta Manaja. Ta Madam ce ta zo ƙarshe, domin Madam ta canja yadi sau biyu kafin ta tsaya a kan wani siliki ruwan hoda mai ɗan sheƙi, wanda ta ce babu mai irinsa.

Irin wannan yadin yana da fuska yana da baya, amma bambancin ba ya jin hannu, sai ido. Fuskar tana ɗaukar haske, bayan yana shanye shi. Tela yakan ja alli a bayan kowane falle da ya yanka don kada su rikice. Goggo ta ja allin, amma farin alli a kan ruwan hoda ya ɓace mata. Ta shafa da yatsa, ta kara a kumatu, ta kara a leɓe, duk santsi ɗaya. Ta kwashi fallayen ta lallaba zuwa falo, inda Madam take zaune da waya a kunne tana faɗa da mai kawo kujeru.

"Maman Mami, duba mini nan. Wanne ne fuska, wanne ne baya?"

Madam ta ɗaga kai kaɗan, ta kaɗa hannu. "Duk ɗaya ne, Yaya. Ke ce gwanar, ni me na sani? A'a, ba da kai nake ba, kujeru nawa ka ce?"

Goggo ta ɗan tsaya, ko za a gama wayar. Ba a gama ba. Ta koma ɗaki ta haɗa fallayen yadda Allah ya nufa. Madam ta gwada rigar a ɗakinta, labule a sake, ta juya gaban madubi ta ce ta yi.

Ranar liyafar lambu aka yanke shawarar Goggo ta zauna a gida. Madam ta ce wurin akwai matakala da igiyoyin wuta, kowa kuma zai shagala, babu mai riƙe ta. Manaja ya ce hutun ma ya fi mata. Kafin a tafi, Mami ta shigo a guje cikin farar rigarta, ta tsaya a hasken taga.

"Goggo, kalle ni."

Goggo ta kalla. Ta ga wuyan rigar, ya zauna daram. Ta sauke kai ta ga tattarar ƙugu. Ta karkata ta ga hannu ɗaya, ta ɗaga ta ga haɓar Mami da ɗan kunne. Ta yi ta yawo da kai tana tsintar yarinyar gutsure-gutsure, amma ta kasa haɗa ta wuri ɗaya ta ga amarya. Wannan ya yi mata ciwo fiye da ciwon kan.

"Kin yi kyau, 'yata," ta ce. "Allah ya ba da zaman lafiya."

Aka yi ta danna hon a waje, Mami ta sumbace ta a goshi ta fita.

Rana ba ta faɗi ba Madam ta dawo, tun kafin a tashi daga taron. Goggo ta ji ƙarar takalminta tun daga falo har ƙofar ɗakin.

"Yaya, me na yi miki? Ki faɗa mini abin da na yi miki. Ina fita cikin rana rigar ta rabe biyu, gaba yana walƙiya, gefe da hannu ɗaya kamar an jiƙa su da ruwa. Uwar amarya guda, a gaban dangin miji, a gaban masu hoto. Wata har tana tambayata ko sabon yayi ne. In ba kya son yi ai sai ki faɗa, ba ki tozarta ni a bainar jama'a ba."

"Na kawo miki ki duba mini..."

"Ni ce telar? Shekara nawa kina cin abincin gidan nan, rana ɗaya da na nemi ki fitar da ni kunya. Kuma ina magana kina kallon bango."

Goggo ba ta san bango take kallo ba. Ta juyo inda take zaton muryar take, ta ce a yi haƙuri. A daidai lokacin kanta yana sarawa kamar zai tsage, ɗan ramin da take leƙen duniya ta cikinsa kuma ya cika da hazo.

Washegari ta zauna a gindin taga kamar kullum, tana jiran gari ya gama wayewa ta share ƙyallaye. Ta ji motsin kwanuka a kicin. Ta ji masu kwashe kujeru sun zo sun tafi. Sai da zafin rana ya sauka sosai a kan kumatunta sannan ta gane gari ya daɗe da wayewa. Ba ta yi ihu ba. Ta kira ƙanenta da sunan da take kiransa, a hankali, har ya ji.

Ranar kam an samu lokaci. Manaja bai je ofis ba, kuma ofis bai rushe ba. Ya riƙe hannunta har cikin ɗakin likita, yana ce mata ga matakala, ga kujera. Likitan ya daɗe yana haska idanun, sannan ya ja kujerarsa baya.

"Mama, na gane ki. Ba ke na ce ki dawo cikin gaggawa ba, tun farkon zafi?" Ya juya wajen Manaja. "Kai ne ɗanta?"

"Ƙanenta ne."

"Me ya hana ku kawo ta? Na hagu ya mutu. Na dama ma jijiyar ta ƙone, abin da ya rage bai wuce ta bambance rana da dare ba. Zan yi abin da zai sauke mata ciwon, amma gani kam sai dai haƙuri. Da kun zo a lokacin, da yanzu tana zura allurarta."

Manaja ya yi gyaran murya. "Wallahi likita, ba ta nuna mana abin ya kai haka ba. Yayata akwai zurfin ciki."

"Haka ne, Mama? Ba ki gaya musu abin da na ce ba?"

Goggo ta ji hannun ƙanenta a kan kafaɗarta, yana zufa. Haka hannun yake yi tun yana yaro in ya yi ɓarna ana neman mai laifi. Maganar tana bakinta, ta san ranar da ta faɗa, ta san abin da kowa ya amsa. Amma in ta faɗa, idon ba zai dawo ba, kuma a motarsa za ta koma, gidansa za ta kwana.

"Haka ne," ta ce. "Ban faɗa sosai ba."

Cikin 'yan kwanaki labari ya zaga, aka fara zuwa dubiya. Mami tana can garin mijinta, ta bugo waya ta yi kuka, ta ce da zarar sun kintsa za ta zo. Ƙawayen Madam sukan leƙa ɗakin bayan kicin su ce sannu Goggo, Allah ya sa kaffara ne, sannan su koma falo inda fanka ta fi ƙarfi. Bangon ba shi da kauri, kunnen Goggo kuma yanzu ba abin da yake wuce shi.

"Mun yi fama da ita ta bar keken nan ta huta, ta ƙi," in ji Madam. "Kun san tsofaffi da taurin kai."

"Ai ke aka yi wa rashi," in ji wata. "Hannu irin wannan, ina za ki samu? Ga bikin gidan Hajiya ya matso."

"Bari kawai, 'yar'uwa. Na samu wani a bakin kasuwa, amma sai a hankali."

Suka yi ta jajanta mata, har da masu cewa Allah ya mayar da alheri.

Da baƙin suka watse, Madam ta shigo. Muryarta a sanyaye, babu sauran faɗa, don a ganinta ta riga ta yafe. Ta tambayi Goggo ko ta sha magani, ta gyara mata matashi, sannan ta ɗora mata wani abu mai santsi a cinya. Tun kafin ta yi bayani yatsun Goggo suka gane silikin.

"Sabon telan ya ce in an farke masa ita a hankali, zai juya fallayen ya fitar wa Auta da siket da 'yar riga. Yadin ya yi tsada a bar shi haka. Na ce bari in kawo miki, zaman shiru ba daɗi, farkewa kuma ba ta bukatar ido. Ga allura nan na soke miki a wuyan. Kada dai ki ja da ƙarfi, yana da saurin zarewa."

Ta fita ta ja ƙyauren.

Goggo ta daɗe da rigar a cinyarta. Hawaye suka zubo daga idanun da ba su da sauran wani aiki sai wannan, ta kawar da kai gefe don kada su ɗiga a kan silikin, ruwa yana yi masa tabo. Sannan ta laluba ta zare allurar, ta bi gefen rigar da farce har ta samu bakin kalmasa, ta fara warware abin da ta ba da idonta ta ɗinka.